Bene a gidan gado ko ɗaki a Kasoa? Maganar haya da cunkoson hanya a Akra

Dan_441: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, masana su gyara mini. Yau duk saurayin da zai yi aure a Nima ko Maamobi, shawarar da ake ba shi ɗaya ce: ya nemi ɗaki a bayan gari, a Kasoa, Amasaman ko Oyibi, wai can ne haya ke da sauƙi. Amma aikinsa yana Makola ko Circle, kullum sai ya shigo ya fita. A ganina da hannunmu muke ƙara cunkoson da muke kuka da shi. Ga gidajen gadonmu nan a tsakiyar gari, ƙasa-ƙasa, rufin kwano duk tsatsa. Me ya hana a rushe su a tayar da bene hawa uku ko huɗu, 'ya'yan gida su zauna kusa da sana'arsu?

Akawu_Newtown: Wa alaikumus salam. Kafin a kai ga bene, a fara da lissafin arahar Kasoa ɗin, domin yawancin masu ƙaura kuɗin haya kawai suke dubawa. Misali ne zan bayar, kowa ya sa nasa farashin. Mu ɗauka zuwa da dawowa na cin sidi 30 a rana, mota biyu da safe, biyu da yamma. Kwana 26 na aiki ya zama sidi 780 a wata. Idan uwargida ma tana da tebur a kasuwa a cikin gari, ya zama 1,560. Ba a sa ruwan tanka ba, ba a sa abincin da za a ci a hanya saboda an fita kafin a hura wuta ba. Sai lokaci: awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, awa 104 ke nan a wata a cikin mota. Idan ragin da ka samu a haya bai kai kuɗin motar ba, ba ka sami araha ba, wurin biya kawai ka canja.

Mma_Ladi_Maamobi: Akawu, lissafinka daidai ne, amma ka tsallake abin da ke korar yaran tun farko. Kuɗin mota kullum-kullum ake biya, kaɗan-kaɗan. Mai gida kuwa adibas, wato kuɗin haya na gaba, na shekara biyu yake nema a dunƙule, ga kason ejan, wato dillali, a kai. Wanda ba shi da dunƙulen kuɗi, ko ya san Kasoa ta fi tsada a ƙarshe, can zai tafi.

Lauya_Fadama: Mma ta taɓo inda ciwon yake. Dokar haya ta 1963, wato Act 220, ta hana karɓar adibas fiye da wata shida, a hayar wata-wata kuwa fiye da wata ɗaya. Wanda aka matsa wa yana iya kai ƙara ofishin kula da haya, wato Rent Control. Abin da ke kashe dokar shi ne ƙarancin ɗakuna. Kai ka ce wata shida za ka biya, mutum biyar na bayanka da kuɗin shekara biyu a aljihu. Kuma ba kowane mai gida ne azzalumi ba. Da yawansu da wannan adibas ɗin suke ƙarasa ginin, shi ne bankinsu. A Janairun 2023 gwamnati ta ƙaddamar da shirin da ke biya wa mutum adibas, shi kuma ya riƙa biya wata-wata, sai dai ana neman shaidar samun kuɗi a kai a kai, abin da ke wahalar da mai tura baro ko mai sayar da waake. Shawarata ga duk mai kama ɗaki: a rubuta yarjejeniya, a sa ranar shiga da ranar ƙarewa, wanda zai gyara rufi da wanda zai biya kwashe shadda, a karɓi rasit.

Injiniya_Kanda: Dan_441, a takarda maganarka tana tsayawa. Fili mai ƙafa 70 a 100 ƙafa murabba'i 7,000 ne. Gidan haya irin na dā a kansa bai cika wuce ɗaki 12 zuwa 14 ba, da banɗaki ɗaya ko babu. Idan ka gina kashi 60 cikin 100 na filin, kana da wajen 4,200 a kowane hawa. Cire matakala da baranda, za ka fitar da ciki da falo shida, kowanne da kicin da banɗakinsa. Hawa uku, iyali 18. Har kana iya mayar da gaban hawan ƙasa shaguna, hayarsu ta riƙe gyaran gidan.

Amma kada kowa ya ɗora dekin, wato rufin kankare, a kan tsohon bangon gidan kakansa. Waɗannan bangaye ba su da ginshiƙi, tushensu bai wuce ƙafa biyu ba, wasu ma jar ƙasa ce aka shafe da siminti. Bene yana son gwajin ƙasa tukuna, musamman gidajen da ke gangaren babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi, inda ƙasar ta sha ruwa da shara shekara da shekaru. Sai zanen injiniya mai lasisi, sai famit, wato izinin gini, daga asambuli, majalisar ƙaramar hukuma. In ba haka ba ka wayi gari da jan fenti a bango an ce a dakata.

Magini_Ashaiman: In ƙara a kan na Injiniya, ga inda aiki ke lalacewa a hannunmu magina. Na farko bulo. Buhun siminti mai kilo 50 bai kamata ya fitar da bulo mai inci shida fiye da 30 ba, amma masu bugawa na sayarwa suna kai shi 45, har 50. Ɗaga shi daidai ƙirji ka saki. In ya watse, kada ka saya. Na biyu kwaɓin kankare, ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, da kwano ɗaya ake aunawa, ba da ido ba. Leburori suna son ƙara ruwa don ya yi saurin zuba, ruwan nan kuwa shi ke kashe ƙarfinsa. Na uku rodi: in zane ya ce milimita 16 a ginshiƙi, kada mai gida ya sayo 12 don ragi, kuma a auna kaurin da kanka, sunan da ke bakin mai shago bai isa ba. Yashin bakin teku haramun ne a kankare, gishirinsa yana cin rodi daga ciki. Na ƙarshe, dekin yana son a shayar da shi ruwa aƙalla mako guda, katakon da ke tallafe da shi kuma ya kai mako uku kafin a cire. Kowa ya tuna benen kantin da ya rufta a Achimota a 2012.

Malam_Mai_Faraid: Duk kun yi gini a sama, ba ku tambayi mai gidan ba. Wa zai sa hannu a rushe? Gidan zango da wuya ka same shi da mai shi ɗaya. Alhaji ya rasu ya bar mata uku da 'ya'ya 17, ba a raba ba don kunya. Matan suna da tumuni a tsakaninsu, namiji yana da rabon mata biyu. Kafin a farga wasu daga cikin 'ya'yan sun rasu, nasu kason ya gangara ga nasu magadan, gado a kan gado. Bayan shekara 30 mutum 60 ne ke da haƙƙi a ɗaki 12, wani yana Kumasi, wani Jamus, wani Bronx. Mutum ɗaya ya ce bai yarda ba, magana ta tsaya. Sannan akwai marayu a ciki, waɗanda ba a taɓa rabonsu sai da waliyyi da hujja.

Hanyar da ke aiki ita ce a daina raba ɗakuna, a raba kaso. A yi wa gidan kima, a lissafa rabon kowa a cikin ɗari, a rubuta, kowa ya sa hannu gaban shaidu. Wanda yake son fita, 'yan'uwa su saye kasonsa. In an gina sabo, haya ta bi wannan kason.

Lauya_Fadama: Allah ya saka, Malam. Sai dai rabon malamai shi kaɗai ba ya sauya suna a Hukumar Filaye. Dole a je kotu a karɓi takardar izinin kula da dukiyar mamaci, sannan masu kular su rubuta takardar da ke miƙa gidan ga magada, a buga mata hatimin haraji, a yi rajista. A nan ne ake gano cewa takardar da ke cikin akwatin Hajiya ba indenca, wato takardar yarjejeniyar fili ta doka, ba ce, 'yar wasiƙa ce da wani dattijon masu ƙasa ya ba kaka. Wasu kuma suna da indenca, amma hayar ƙasa ce mai wa'adi, kuma wa'adin ya kusa cika. Babu mai zuba kuɗin bene a kan irin wannan.

Yaya_Sabon_Zango: Tambaya ɗaya. Wata 18 ko shekara biyu da za a yi ana ginin, tsofaffin gidan da 'yan haya ina za su kwana?

Injiniya_Kanda: Yaya, shi ya sa ake ginawa rabi-rabi. A zana dukkan benen tun farko, a rushe ɓangaren baya kawai, mutane su matsu a gaba. In baya ya kai hawa ɗaya da dekin, su koma can, a rushe gaba. Wajen haɗa ɓangarorin biyu ana barin tsaga ta musamman don kada ɗaya ya ja ɗaya ya fasa. Wahalar ita ce shigo da kaya: lungun da baro ke wucewa da ƙyar, tifa ba ta shiga, sai a sauke yashi a bakin titi a ɗauka da kwano, kuɗin lebura ya ninka.

Direba_Circle_Kasoa: Ku bar ni in faɗi ta hanya, tunda Akawu ya ce mota biyu. Da yamma kuɗin mota uku ake biya. Daga Circle direba zai ce Kaneshie kawai, a Kaneshie ya ce Mallam, a Mallam ya ce Kasoa, fasinja ɗaya ya biya sau uku a mota ɗaya. Ba na kare abin, amma ga dalilinsa. Direban trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ba shi da albashi. Kullum sai ya kai wa mai mota kuɗin da aka yanka masa, ya zuba mai, ya biya tikitin tasha, ya sallami yaron mota, abin da ya rage ne nasa. In cunkoso ya mayar da sawu shida zuwa uku, daga ina zai cike? Shi ya sa yake tsayawa ko'ina aka ɗaga hannu, tsayawar kuma ita ke toshe layin dama gaba ɗaya. Muddin da yawan kai ake biyan direba, ko ɗan sanda nawa aka zuba a Lapaz haka za a ci gaba.

Game da hanyar Kasoa kuma, an daina karɓar kuɗin tol a Nuwamban 2021, mutane suka ce an huta. Ba a huta ba. Da ruwa ya sauka, laka ke gangarowa daga tuddan da aka sare aka yi gini a wajen SCC da Old Barrier ta rufe titi, layi uku ya koma ɗaya.

Dan_Madina_Zongo: Gadar sama ce magani. Dubi gadar mahaɗar Pokuase, hawa huɗu, tun 2021 wurin ya buɗe.

Mai_Tsara_Birni: Ɗan'uwa, mahaɗar ta buɗe, amma motocin da ta saki ina suka je? Gaba suka taru. Haka aka gani a Circle bayan an buɗe gadarta a 2016: sama tana gudu, ƙasa da hanyoyin da ke fita daga cikinta suna tsaye. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: duk sanda hanya ta yi sauƙi, filayen bayanta suna tsada, mutane su ƙara nisa, bayan 'yan shekaru motoci su cike gurbin.

Ga lissafin da ya kamata a riƙa yi. Layi ɗaya na titi, in babu tsayawa, yana wuce ƙananan motoci wajen 1,800 a awa. Yawancinsu mutum ɗaya ko biyu ne a ciki, ka ce mutum 2,700. Ba wa babbar bas mai ɗaukar 80 wannan layin ita kaɗai, ɗaya a kowane minti, ka sami 4,800. Ɗaya a kowane rabin minti, 9,600. Wannan ne tunanin bas ɗin Aayalolo da aka fara a 2016 daga Amasaman zuwa Tudu. Abin da ya karya shi, layin nata na musamman guntu-guntu ne, sauran hanyar tana cikin cunkoso ɗaya da kowa. Bas ɗin da ba ta fi trotro sauri ba, kuma ba ta tsaya maka a ƙofar gida, don me za ka jira ta?

Ƙidayar 2021 ta nuna yankin Greater Accra ya haura mutum miliyan 5.4, ya wuce Ashanti. Asambuli 29 ne ke mulkinsa, kowacce da nata famit da nata lissafin kuɗin shiga. Kasoa kuwa ba ta cikinsu ma, tana yankin Central. Wanda ke ba da izinin gini a can ba shi ne ke fama da motocin da ginin zai haifa a Mallam ba.

Direba_Circle_Kasoa: Ranka ya daɗe, in za a ware wa bas layi, a sa 'yan ƙungiyar direbobi ta GPRTU a cikin mallakar bas ɗin tun farko. In ba haka ba, dubban direbobi da yaran mota za su ga an zo cire musu tuwo a baki, kuma su ne za su fara shiga layin.

Hajiya_Mai_Albasa: Masu tsari su riƙa tunawa da kaya, ba mutane kaɗai ke hawa titi ba. A Yulin 2021 aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku don a rage cunkoso a tsakiyar gari. Manyan motocin Nijar sun daina shiga, gaskiya ne. To amma masu cin albasar suna nan inda suke. Tirela ɗaya da ke shiga da dare ta koma ƙananan motoci da aboboya, wato babura masu ƙafa uku na kaya, masu yawa da ke jigila da rana a kan hanyar Amasaman, kuɗin ɗauko kowane buhu kuma ya hau kan mai saye. In za a fitar da kasuwa, a fara gyara hanyarta da rumfunan ajiya masu iska, domin albasa ba ta son zafi da danshi.

Safiyo_Adenta: Ba kowa ke da gidan gado a Nima ba, kuma wanda ya ƙudura sai ya fita, ya fita da ido buɗe. Kafin ka ba da ko sidi ɗaya, kai safiyo, wato mai awon fili, mai lasisi, naka ba na mai sayarwa ba, ya ɗauki ma'aunin filin ya fitar da taswira. Da ita za ka nemi bincike a Hukumar Filaye, ka ga sunan wa ke kai da ko akwai shari'a. Sannan ka je sashen tsara gari na asambuli ka tambaya me aka ware wurin don shi. Fili da yawa da ake sayarwa hanya ce ko makaranta ko mashigar ruwa a taswirar hukuma. In ƙasar dangi ce, shugaban dangi shi kaɗai bai isa ba, sai da manyan dattawan gidan. Biya ta banki, kashi-kashi. Dokar filaye ta 2020, Act 1036, ta sa ɗauri a kan 'yan gadin fili masu tsoratar da mutane, amma har yanzu za a zo maka da maganar kuɗin tono, wato kuɗin da suke nema kafin su bar ka ka tona, ranar da ka fara tushe, ka san da haka. Kuma je ka ga filin a watan Yuni bayan ruwan sama, kada ka je a Janairu. Yankin da ke ƙasan madatsar Weija, duk sanda aka buɗe ƙofofinta, gidaje ke shan ruwa.

Kawu_Alajo: Ni fa ban ga laifin jira gwamnati ta gina ba. Dansoman ai gwamnati ce ta yi a shekarun 1970, ga gidajen hukumar fansho ta SSNIT a Adenta.

Akawu_Newtown: Kawu, aikin gidajen gwamnati na Saglemi fa? An ciyo bashin dala miliyan 200 don gidaje 5,000, aka tsaya a wajen 1,500 da ba a kammala ba, suka yi shekaru ciyawa na cinye su. Ko da an gama, wurin yana can wajen Ningo-Prampram. Mai yankan farce a Tudu ba zai kwana can ba. Sannan kalmar araha a bakin masu gina estet tana nufin ma'aikacin banki. Gwajin mai sauƙi ne: in kuɗin gida na wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ke samu, ba nasa ba ne.

Mai_Tsara_Birni: In koma kan tambayar Dan_441. Ina tare da kai rabi. Cika tsakiyar gari da mutane ya fi shimfiɗa gari har Winneba, amma gida ɗaya-ɗaya in kowa ya tayar da nasa bene a lungun ƙafa huɗu, an ninka mutane sau uku a kan bututun ruwa ɗaya, taransifoma ɗaya, kwata ɗaya. Motar kashe gobara ba ta shiga. Ruwan da sabon rufi da siminti suka hana shiga ƙasa duk kogin Odaw zai nufa, kuma kowa ya san ambaliya da gobarar da aka yi a Circle ranar 3 ga Yunin 2015. Abin da ke aiki shi ne gidaje takwas ko goma na layi ɗaya su shirya tare, kowa ya ja baya ƙafa biyar ko shida, a sami hanyar da mota za ta bi, a yi magudana da wurin tankin ruwa na tarayya, sannan asambuli ta yarda a ƙara hawa a madadin ƙasar da aka bayar. Irin wannan aikin ne ya dace da Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017.

Mma_Ladi_Maamobi: Ƙafa biyar? Mutanen da ke kai ƙara gaban sarki a kan inda ruwan indararo ke zuba? Allah ya sa. Ni dai abin da nake tsoro daban ne. In bene ya tashi da tayil da banɗaki a ciki, hayarsa ba za ta zama ta ɗaki ɗaya na dā ba. Magada za su sami kuɗi, 'yan hayar da suka shekara 20 a gidan su ne za su tafi Kasoa.

Injiniya_Kanda: Gaskiya ne, Mma, sai in an zana shi da niyya. A bar hawa ɗaya ɗaki ɗai-ɗai, ƙafa 12 a 12, kowane ɗaki uku su haɗa banɗaki ɗaya mai bayodaijesta, wato tankin da ke narkar da bahaya, da kicin ɗaya, kowa da mitarsa ta wuta. Filasta da fenti sun isa, ban da tayil da silin na ado. Hayar shagunan ƙasa da ta ciki da falo ita za ta ɗauki nauyin wannan hawan.

Dan_441: To kuɗin ginin fa, ga wanda ba ya son bashin ruwa?

Lauya_Fadama: Hanya biyu ake bi. Ko 'yan'uwa na waje da na gida su yi adashi a asusu ɗaya mai sa hannun mutum uku, a gina hawa-hawa. Ko a kawo mai kuɗi ya gina, ya ci hayar wani ɓangare na shekarun da aka yanka, sannan ya miƙa. A ta biyun a kula da abu uku: ƙasar ta zauna da sunan magada, a hana shi jinginar da ita a banki, a kuma rubuta abin da zai faru in ya tsaya a rabi. Wannan na ukun ne aka fi mantawa.

Malam_Mai_Faraid: A ƙara na huɗu, Lauya. In akwai marayu a cikin magada, shekarun da za a ba mai ginin kada su wuce ba tare da an ware musu nasu kason na haya tun daga watan farko ba.

Yaya_Sabon_Zango: Safiyo, binciken Hukumar Filaye ɗin, in gidan tsoho ne kuma babu taswira ko ɗaya, daga ina ake farawa?

Safiyo_Adenta: Daga awo, Yaya. A kira maƙwabta na kowane gefe su tsaya ranar da za a kafa duwatsun iyaka, a nemo tsofaffin rasit na harajin gida daga asambuli, sannan a shigar da binciken da sabuwar taswirar.